Ranar da Taimako Ya Shiga Kasuwa a Nima da Maamobi

Mutumin Nima yakan buɗe bakin aljihunsa tun kafin ya buɗe baki ya gaida maƙwabci. Da asuba, in gidan da yake haya ba shi da bayi, sai ya bi layin salgar unguwa, ya miƙa sulalla, a yago masa 'yar takarda. In famfo bai kawo ba, ruwan alwala da na wanka a wurin mai tanki zai saye su, bokiti-bokiti. Mai babur ɗin kwasar shara zai tsaya a bakin lungu, shi ma ba ya ɗauka sai an ba shi nasa. Ga kuma yara sun sa kayan makaranta sun yi cirko-cirko, kowa na jiran kuɗin koko da ƙosai, wasu har da kuɗin karatun ranar. Hantsi bai dubi ludayi ba an riga an biya sau huɗu. A tsallaken titi, a Kanda ko Roman Ridge, mai gida yana da bayi a cikin ɗakinsa, ruwa yana zuwa masa ta bututu, kuma in aka auna bokiti da bokiti, shi ya fi samun ruwan da araha.

Da wannan muka tashi, har ya zame mana jiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani sabon abu ne: wuraren da a da ake shiga ba tare da an lalubi aljihu ba, su ma sun fara sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

Akwai wata Hajiya a Maamobi, sa'ar mahaifiyata, wadda ta daɗe tana tara 'yan mata da yamma a zauren gidanta, ana koya musu karatun boko da ɗinki. Wata ƙungiya daga waje ke biyan malaman. Kwanakin baya na je gaishe ta, na tarar da ita da tarin takardu a kan tabarma. An kira su taron bita a wani otal, aka ce musu kuɗin tallafi ya kusa ƙarewa, don haka kowace ƙungiya ta koyi tsayawa da ƙafafunta. Aka ce ta rubuta tsarin kasuwanci, ta yanka wa kowace yarinya kuɗin wata, ta kuma daina cewa "yarana", ta riƙa cewa "kwastomomi".

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, waɗanda za su iya biya ai ba su ne suka sa na buɗe zauren nan ba."

Na ce, "Hajiya, to in ba a karɓa ba, da me za a biya malaman?"

Ta ce, "Shi ne abin da ya hana ni barci."

Ni ma tambayar ta bi ni gida. Waɗanda suka ba ta shawarar ba mugaye ba ne, kuma ba ƙarya suka yi ba. A 2010 aka sake lissafin arzikin Gana, ƙasar ta fita daga jerin matalauta ta shiga na masu matsakaicin samu. A takarda abin murna ne, amma daga nan masu ba da agaji suka fara naɗe tabarmarsu suna komawa inda suke ganin an fi buƙata, alhali kwatar da ta raba Nima da Maamobi ba ta san an sake wani lissafi ba. A farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta USAID, abin da ya bar wa Gana giɓin dala miliyan 156, har Shugaba John Mahama ya umarci ministan kuɗi ya nemo hanyar cike shi. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Sabon kiɗan shi ne na masu zuba jari da ke cewa za su kawo kuɗi a yi makaranta, a yi asibiti, a yi bayi, jama'a su amfana, su kuma su mayar da uwar kuɗinsu da 'yar riba.

Kafin mu shiga fili mu taka, ya kamata mu tuna cewa mun taɓa jin wannan ganga.

A 1985, lokacin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya ke riƙe da linzamin tattalin arzikin Gana, aka ƙaƙaba kuɗin asibiti, daga baya ya rikiɗe ya zama tsarin nan na kuɗi hannu magani hannu. Dattawanmu ba su manta ba. Mace na naƙuda, miji na zagayen gidajen 'yan uwa yana neman abin ajiyewa kafin a taɓa ta. An sallami mutum ya warke, amma an hana shi fita har sai ya biya. Doka ta ce a yafe wa wanda ba shi da hali, amma yafiyar ta tsaya a takarda. A nan Nima ne wasu matasan lauyoyi, Raymond Atuguba da Mahama Ayariga, suka kafa cibiyar Legal Resources Centre, suka haɗa kai da matasa da iyaye mata na unguwa suna ƙalubalantar tsare marasa lafiya saboda bashi. Sai a 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Shekara goma sha takwas aka ɗauka kafin a yarda cewa ciwo ba ya jiran mutum ya tara kuɗi.

Salga ma haka. A shekarun 1990 hukumomin birni suka miƙa bayin jama'a ga 'yan kwangila, da hujjar cewa mai neman riba zai fi kula da tsabta. Wasu masana biyu, Joseph Ayee da Richard Crook, sun yi nazarin abin a Akra da Kumasi, suka fitar da shi a 2003, suka kuma laƙaba wa abin da suka gani yaƙin bayi. Abin da suka tarar shi ne salga ta zama saniyar tatsa ta 'yan siyasa: kwangila na tafiya hannun kansiloli da 'yan jam'iyya, in mulki ya sauya hannu matasan sabuwar gwamnati su zo su ƙwace makullai. Ka lura da abu guda. Wanda abincinsa yake fitowa daga layin salga, ba shi da wani dalili na fatan kowane gida ya samu bayinsa. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, akasarinsu a Akra da kewayenta.

Ruwa kuwa, sai da aka yi shekaru ana kai ruwa rana a kansa. Gamayyar masu adawa da sayar da ruwa ta kafu a 2001, ɗaya daga cikin jagororinta, Rudolf Amenga-Etego, har ya samu lambar yabo ta Goldman a 2004. Duk da haka a 2006 aka ba kamfanin Aqua Vitens Rand kwangilar tafiyar da ruwan birane ta shekara biyar. Da wa'adin ya cika a 2011 gwamnati ba ta sabunta ba, aiki ya koma hannun kamfanin ruwa na ƙasa. Mu dai a lunguna, kafin kwangilar da bayanta, jarkarmu mai ruwan ɗorawa ba ta huta ba.

Yanzu fagen ya koma makaranta, kuma a nan ne maganar ta fi wuya, domin a nan ne hujjar masu jari ta fi ƙarfi. A Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmar kasuwa ya samo asali, inda 'yan uwanmu da yawa suka koma da Nima ta cika, aka fara makarantun Omega. Ken Donkoh da wani farfesa ɗan Ingila, James Tooley, su ne suka kafa su, kuma a 2012 kamfanin Pearson, babban mai buga littattafan karatu, ya zuba jari a ciki. Dabararsu ta dace da aljihun talaka: maimakon kuɗin zangon karatu a dunƙule, yaro ya zo da kuɗin yini, a ciki har da abincin rana da kayan makaranta. Mai sayar da wake da shinkafa ba ta iya tara kuɗin wata uku, amma tana iya cire na yau daga cinikin jiya. To amma ranar da ciniki bai yi ba fa? A ranar, yaro yana gida. Wani mai bincike, Curtis Riep, da ya zagaya makarantun, ya tarar kusan duk ɗaliban da ya tambaya daga wasu makarantun suka sauyo. Wato yaron da bai taɓa shiga aji ba, wanda da sunansa ake neman jari a Landan, har yanzu yana bakin titi.

Ƙungiyoyin agaji su ma sun bi sahu. Sinapi Aba ta fara ne a Kumasi a 1994 a matsayin ƙungiyar taimakon masu ƙaramin jari, a 2013 kuma ta zama kamfanin ajiya da ba da rance mai lasisi, har tana ba masu ƙananan makarantun kuɗi bashi. Ba na cewa ta yi laifi, mutane da yawa sun ci gajiyarta. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai makarantar da ya ci bashi, ƙarshen wata yana jiransa, kuma yaron da ubansa ya kasa biya shi ne zai fara ganin sauyin fuska. Ita kuma kasuwar kuɗi ba ta da alkawari: a watan Mayun 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin rance 347 a rana guda, mata da yawa da suka bar adashi suka kai kuɗinsu can suka kwana suna salati.

Sabon salo mafi wayo shi ne na biya bayan an ga sakamako. An fara gwada shi a gidan yarin Peterborough a Ingila a 2010, yanzu ya iso mana. Shirin da ma'aikatar ilimi ta Gana ta ƙaddamar da haɗin gwiwar Birtaniya da Bankin Duniya, na dala miliyan 30, yana da burin mayar da yara 70,000 makaranta. Masu jari su ba ƙungiyoyi kuɗin aiki tun farko, in an auna an ga yara sun shiga aji kuma sun koyi karatu, sai a biya su. Akwai hikima a ciki, domin mun gaji da ayyukan da ake ƙaddamarwa da kaɗe-kaɗe a rufe da rahoto mai hotuna, ba wanda ya tambaya ko yaro ɗaya ya iya haɗa baƙi. Damuwata ita ce abin da awo ke yi wa mai aiki. In kuɗinka ya dogara da yawan yaran da suka ci jarrabawa, wa za ka fara nema: yaron da ya bar makaranta bara saboda kuɗin littafi, ko 'yar kayaye, mai dakon kaya, da ta zo daga arewa, tana kwana a rumfar kasuwa, gobe ba ka san inda za ka same ta ba? Sai dai in an sa wa mai wuyar samu farashi mafi tsoka tun a cikin yarjejeniya, in ba haka ba, guga zai riƙa ɗebo na sama ne kawai.

Dole in yi adalci. Iyayen Nima da ke kai 'ya'yansu makarantar kuɗi ba wawaye ba ne. Sun ga ajin gwamnati ya cika ya batse, sun ga malamin da ba ya zuwa kuma ba mai iya ce masa kanzil. Wanda ya biya yana da bakin magana, yana iya cire ɗansa ya kai wani wuri. Kyauta ma tana da nata ciwon: mun ga rijiyoyin burtsatse da aka haƙa da kuɗin Larabawa, aka manna allo da sunan mai bayarwa, famfo ya lalace bayan shekara, ba mai gyarawa domin ba na kowa ba ne. Ma'aikacin ƙungiya shi ma yana da iyali, lada ba ya biyan kuɗin haya. Kuma mu mutanen zango ba mu da fuskar da za mu ƙyamaci ciniki. Fatauci ne ya kawo kakanninmu, goro da shanu ne suka kafa Salaga da zangon Kumasi da Sabon Zango na Malam Baƙo. Nima kanta wani dillalin shanu ne, Malam Amadu Futa, ya karɓi filinta daga iyalan Odoi Kwao a 1931. A lungunan nan ne Bature Keith Hart ya zauna a shekarun 1960, ya ga yadda mutane ke rayuwa ba tare da albashi ba, har ya fito da sunan da masana tattalin arziki ke kiran irin wannan neman abinci da shi a duk duniya.

Amma tunda an zo maganar kakanni, a duba yadda suka haɗa ciniki da jinƙai. Mai gida a zango yakan sauki fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya nemo musu mai saye, ya tsaya musu lamuni. Ribarsa tana cikin la'adar da yake samu idan an yi ciniki. A wannan gida kuma akwai malamin allo da almajiransa, akwai maraya, akwai baƙon da ya sauko daga mota ba ko anini, duk suna cin tuwon da la'adar nan ta saya. Ba a taɓa jin mai gida ya tsayar da almajiri a zaure ya ce sai ya biya kuɗin kwano ba. Riba daga mai ƙarfi take fitowa, ta gangara zuwa mara ƙarfi. Tsarin da ake tallata mana yau ya juya tulun: daga aljihun mara ƙarfin ake son ribar ta fito, ta hau sama, wani lokaci har ta haye teku.

Addini ma ya ba mu misalin da kowane ɗan makarantar allo ya sani. A Madina akwai rijiyar Ruma, mai ita yana sayar da ruwanta. Sayyidina Usman bin Affan, wanda shi kansa babban ɗan kasuwa ne, ya saye ta ya mayar da ita waƙafi, gugansa ya zama daidai da gugan kowa. Bai bar kasuwanci ba. Ya ci ribarsa a ayarin raƙuma, ya zo ya fitar da ruwa daga kasuwa. Da irin wannan waƙafi aka riƙe jami'ar Azhar ɗaruruwan shekaru. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 muna hango hasumiyoyinsa daga Nima, wata gidauniyar waƙafi ce ta Turkiyya, Hudai, ta ɗauki nauyin gina shi. A Sakkwato akwai hukuma sukutum ta zakka da waƙafi. A nan Gana muna da asusun zakka da sadaka da 'yan majalisa Musulmi suka assasa, muna da asusun ilimi na Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, muna da ƙungiyar ICODEHS ta Sheikh Mustapha Ibrahim da ta daɗe tana haƙa rijiyoyi da riƙe marayu. Iri yana nan, shuka ce ba ta yi yawa ba.

Saboda haka ga abin da nake gani. Ƙungiya ta yi kasuwanci, amma ta san wa take sayar wa. In zauren Hajiya zai ɗinka kayan makaranta ya sayar wa makarantun masu hali, ko ya samu shago biyu a bakin titin Nima kuɗin hayarsu ya riƙa biyan malamai, wannan ciniki ne da ke ciyar da taimako. In kuwa yarinyar da aka buɗe zauren dominta ita ce za ta zama hajar, to sunan ƙungiyar ne kawai ya rage.

Mai jarin da ya zo unguwa da maganar alheri, a yi masa maraba, a ba shi ruwa, sannan a yi masa tambayoyin da dattijo ke yi wa mai neman aure. Ranar da yaro ya zo ba kuɗi, me za a yi da shi? Nawa ne ribar, kuma ina za ta kwana? In ciniki bai yi ba ka tattara ka tafi, ginin da yaran na wa za su zama? A rubuta amsoshin, a karanta su a gaban sarakunan zango da limamai da shugabannin mata, da Hausa, ba a ɗakin taron otal ba. Ba wani abu muka ƙago ba: ƙa'idojin Abidjan da masana suka amince da su a 2019 sun riga sun ce shigar 'yan kasuwa harkar ilimi ba ta sauke wa gwamnati nauyinta.

Gwamnati kuwa kada ta laɓe a bayan kowa. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce ilimin farko kyauta ne kuma dole ne. Mutanen Nima suna biyan haraji a kan kowane katin waya da kowace litar mai. A 2017 aka yi dokar Asusun Raya Zango, aka kuma kafa ma'aikata ta musamman wadda daga baya aka rushe a 2021. An shimfiɗa filayen ƙwallo masu koriyar darduma, matasa sun ji daɗi, ba na raina su. Amma da za a tambayi iyaye mata, na san da aji da bayi da famfo za su fara. Irin haɗin da aka yi a 1987, lokacin da aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi, gwamnati ta riƙa biyan malaman boko a makarantun Islamiyya, shi ne tafarkin da ya kamata a faɗaɗa: al'umma ta kawo gini da amana, gwamnati ta kawo albashi, yaro ya shiga ba a tare shi a ƙofa ba.

Saura mu. Nima ta haifi attajirai, ta haifi 'yan ƙwallo, tana da 'ya'ya a Jamus da Amurka da Saudiyya waɗanda ke aiko da kuɗi kowane wata. Muna kashe abin mamaki a biki da suna da sadakar arba'in. Alhajin da ya je Makka sau bakwai, da zai sa kuɗin tafiya ta takwas ya sayi ɗaki uku ya rubuta su waƙafi ga makarantar unguwa, a yi rajista a kotu yadda magada ba za su tayar ba, da ya samu abin da zai bi shi kabari. Matsalarmu da waƙafi ita ce rashin rubutu da rashin lissafi, shi ya sa mutane ke tsoro. To a nan ne za mu koya daga masu jari: a buɗe littafi, a kawo mai binciken kuɗi, a manna lissafin a ƙofar masallaci kowace shekara.

Na koma wurin Hajiya bayan sallar Juma'a. Ba ta rubuta tsarin kasuwancin ba tukuna, takardun na nan ƙarƙashin kekenta na ɗinki. Ta ce ta yi magana da wani ƙanen mijinta mai shaguna, ya ce zai duba. Muna cikin hira wata yarinya ta leƙo, da faranti a kanta, ba ta gama sayar da gyaɗarta ba. Ta tsaya a bakin zaure tana jan gefen mayafi, ta ce ta ji an ce yanzu sai da kuɗi.

Hajiya ta ce, "Wa ya faɗa miki? Ajiye farantin, shigo ki zauna."